Inji 23 da hannu biyu: yadda neman mataimaki ke tafiya

4 ga Janairu

Yau dai na yanke shawara, zan ɗauki mutum. Kusan wata shida kenan ina jan ƙafa ina cewa bari a ƙara wata ɗaya, amma abinda ya faru jiya ya rufe min baki. Manajan wata masana'anta da nake da injinan sayar da kaya uku a cikinta, irin waɗanda mutum yake sa kuɗi lemo ko biskit ya faɗo masa, ya kira ni da yamma, ko murya bai ɗaga ba, cewa kawai yayi injin lemo na ɓangaren masu aikin dare kwana uku kenan ba komai a ciki sai layi ɗaya na ruwa, kuma akwai wasu masu injina da ke zuwa suna neman wurin. Na bashi haƙuri, a daren na je na cika, sai wajen sha ɗaya na shigo gida.

Ga yadda abin yake yanzu. Inji 23 a wuri 14. Da guda biyu na hannu na fara shekara uku da suka wuce, lokacin zagayen baya wuce awa biyu. Yanzu kowane inji yana cin minti 20 zuwa 30 idan ba matsala, ka buɗe, ka zuba kaya, ka kwashe kuɗi, ka goge gilashi, ka gwada, ka rufe, banda tuƙi da neman wurin ajiye mota da jiran mai gadi ya rubuta sunanka. Idan kuma akwai matsala shikenan ranar ta tafi. Ni ne mai sayo kaya, ni ne direba, ni ne makaniki, ni ne mai lissafi, kuma wurare biyu sun ce in kawo musu inji na kasa amsa musu don nasan bazan iya riƙewa ba. Wannan ne yafi damuna, ina ganin kasuwa tana kirana ina kau da kai.

11 ga Janairu

Na zauna zan rubuta sanarwar neman ma'aikaci sai na tsaya cak, don ban ma san wane aiki nake nema a yi min ba. Dana bi abinda nakeyi a sati ɗaya sai naga ashe aiki huɗu ne a jikin mutum ɗaya: haɗa kaya a sito, zuba kaya a inji, kwashe kuɗi, da gyara. Gyara bazan ba kowa ba tukunna. Haɗa kaya zan iya yi da daddare. Wanda yake cinye min rana shine zagayen, kuma wanda zai zuba kaya dole shi zai buɗe ƙofa, wanda ya buɗe ƙofa kuma ga akwatin kuɗi nan a gabansa, ba yadda za ka raba su. To a nan tsorona yake tun farko, gara in faɗa.

Na je wajen akanta akan maganar ko in ɗauke shi ma'aikaci ko ɗan kwangila. Yace kar in ruɗi kaina da suna, a ƙasashe da yawa hukuma ba sunan da ka rubuta take kallo ba, tana duba waye yake tsara lokacin aiki, motar waye, kayan aikin waye. Idan ni nake cewa ka fito ƙarfe kaza, ka bi hanya kaza, a motata, da makullaina, to ma'aikaci ne, da duk haƙƙinsa da harajinsa. Na yarda da hakan. Ya kuma tuna min da inshora, wadda nake da ita ta motar gida ce da sunana kawai, bata shafi wani direba ba balle aikin kasuwanci. Da ban tambaya ba da haka zan miƙa ma mutum makullin mota.

19 ga Janairu

Sanarwa ta fita, mutum 17 sun tuntuɓe ni. Na rubuta a fili cewa sai mai lasin tuƙi, mai iya ɗaukar kaya masu nauyi, mai fitowa da sassafe. Shida ba su da lasin. 'Yan uwa biyu sun kawo min 'ya'yansu, na ce musu kowa layi ɗaya zai bi, ɗaya ya ji haushi. Ban ji daɗi ba amma nasan idan aka samu giɓin kuɗi tsakanina da ɗan ɗan'uwana ba kasuwa kaɗai za ta lalace ba.

27 ga Janairu

Intabiyu a zaune bata gaya min komai ba, kowa yace shi mai amana ne kuma baya makara. Sai na zaɓi uku, kowa na fita da shi zagaye na yini guda, na biya shi kuɗin yinin.

Abinda nake kallo ba wani abu mai wuya bane. Idan zai zuba biskit a cikin sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da yake turo kaya gaba, sabo yake sawa a gaba ko yana jawo tsohon gaba ya sa sabon a baya? Don wanda ya fara shiga shi ya kamata ya fara fita, in ba haka ba sai ka tarar da na can baya yayi esfaya, asara biyu, ka zubar da kaya kuma idan kwastoma ya riga ka gani sunanka ya ɓaci. Yana duba yadda kayan ya zauna tsakanin murɗin ƙarfen ko cusawa kawai yakeyi? Leda ɗaya da ta karkace ita ce zata maƙale, mutum ya sa kuɗinsa kaya ya rataye a gabansa, daga nan sai duka da jijjiga inji. Sannan yana gaida mai gadi? Wannan ba ƙaramin abu bane, mai gadi da mai shara su ne suke fara gaya maka inji ya mutu tun kafin manaja ya sani.

Na farko saurayi ne mai zafin nama sosai, mun gama zagayen da nake yi a awa bakwai cikin awa biyar da rabi. Na biyu rabin yinin yana kan waya. Na uku dattijo ne, ya haura hamsin, yayi shekaru yana raba kaya a mota, a hankali yake komai, har ya tsaya yana karanta ranar esfaya a jikin kowane kwali. Na ɗauki saurayin. Saurinsa ne ya ja ni, don lokaci shine ciwona.

10 ga Fabrairu

Saurayin ya ajiye aiki yau, kwana 12 yayi. Ya kawo makullai da kansa, ya yi min sallama cikin mutunci, yace "Oga aikin yafi yadda na ɗauka, bayana bazai iya ba." Gaskiya ya faɗa. Katan ɗin lemo mai gwangwani 24 yana kusan kilo 9, kuma a rana za ka ɗaga su da yawa, daga sito zuwa mota, daga mota zuwa kura, wani wurin ma lif baya aiki sai bene.

Amma laifin ba duk na nauyi bane, akwai nawa. Na tsara biyansa akan yawan injin da ya zagaya a rana, ina ganin hakan zai sa ya dage. Ya dage kuwa, sai dai abinda na biya shi akai shi yayi min, wato sauri. Dana bi bayansa na tarar da gilashi ba a goge ba, layuka biyu an juya farashinsu, cakulan a inda aka rubuta kuɗin biskit, da wani inji da aka rufe ba a murɗa kwaɗon har ƙarshe ba. Kuma ban koya masa ba, kwana biyu kawai na fita da shi na sake shi, don ni a kaina abin a bayyane yake, na manta shekara uku na ɗauka kafin ya zama a bayyane.

Na kira dattijon. Yace zai zo, da sharaɗin a rubuta komai a takarda, lokacin fita, lokacin tashi, ranar biya, da abinda zai faru idan kuɗi bai cika ba. Nace nima haka nake so.

17 ga Fabrairu

Mun sa hannu. Albashi tsayayye akan awa, da ɗan ƙari duk watan da aka gama ba kayan da yayi esfaya a inji kuma ba wurin da ya kira yace inji ya ƙare. Na yi tunanin bashi kaso daga ciniki kamar yadda wasu ke yi, amma ciniki ba a hannunsa yake ba, idan kamfani ya ba ma'aikata hutu ko makaranta ta rufe ciniki zai faɗi ba tare da ya yi laifin komai ba, bai kamata gidansa ya ji a jikinsa ba.

Sati biyu cif zamu fita tare kafin in sake shi. Na kuma fara abinda ya kamata ace nayi tun bara, littafi na kowane wuri: ta wace ƙofa ake shiga, ƙarfe nawa suke buɗewa, waye ake sanar ma, wane inji ne tirensa na uku yake cijewa sai ka ɗan ɗaga kafin ka jawo, wane wuri ne basa son a shigo lokacin cin abinci. Shafi ɗaya na ɗauka zai isa kowane wuri, wasu sun ci uku. Baba, haka nake kiransa, shi yake tambaya ni ina rubutawa, kuma tambayoyinsa suna fito da abubuwan da ban san ma na sani ba.

3 ga Maris

Baba ya fara fita shi kaɗai, inji 15 a hannunsa, 8 na nesa suna hannuna.

Babban canjin da muka yi shine haɗa kaya tun daga sito. Da can mota nake cikawa maƙil, in isa wuri, in shiga in buɗe inji in ga abinda ya ƙare, in koma mota in ɗebo, in dawo, tafiya biyu kenan a kowane inji. Yanzu injina 16 suna da na'urar karɓar kati, kuma na'urar tana da layin sadarwa a ciki, tana turo min ciniki a manhaja. Ga wanda bai sani ba, a cikin inji akwai hanyar da ake kira MDB, ta nan na'urar sulalla da ta kuɗin takarda da ta kati suke magana da allon kwamfutar injin, akwai kuma wata kafa mai suna DEX da ake zazzago lissafin injin ta cikinta, layi kaza ya sayar da kaza, kuɗi kaza ya shiga. Da wannan lissafin nake zama da daddare in haɗa ma kowane inji kwandonsa, in liƙa lambarsa a jiki, Baba shiga ɗaya zai yi. Ya rage nauyi, ya rage lokaci, kuma abinda ya fita daga sito a rubuce yake.

Sauran 7 tsofaffi ne, su har yanzu da hannu ake karanta mita. Kowane inji yana da lissafin da baya gogewa, kamar mitar tafiyar mota, ƙaruwa kawai yakeyi. Baba yana rubuta lambar a takarda, ya zuba kuɗin a jaka mai lambar injin, ya sa takardar a ciki ya rufe. Baya ƙirgawa a wurin, na hana, don tsaronsa ne, mutum ya tsaya yana ƙirga kuɗi a gaban jama'a kiran masifa ne. Ni da matata muke ƙirgawa a gida, mu cire mitar wancan zuwan daga ta wannan, mu gwada da abinda ke cikin jaka.

15 ga Maris

Ban so rubuta wannan ba amma na yi alƙawarin littafin nan zai ɗauki komai.

Jakar inji mai lamba 9 bata cika ba. Mita tace an yi cinikin tsabar kuɗi kaza, abinda ke cikin jaka ya gaza da kusan kuɗin kwalba 30. Ɗan bambanci na kwalba ɗaya ko biyu an saba, wannan ya wuce nan. Mun sake ƙirgawa sau uku. Na duba zuwan da ya gabata shima akwai giɓi, ƙarami, na wuce shi a lokacin ban kula ba. Kuma lamba 9 yana cikin tsofaffin da basa turo rahoto, wato irin injin da idan mutum zai taɓa shi zai zaɓa.

Wallahi ban yi barci ba. Na ɗauki waya zan kira shi na ajiye yafi sau biyar. Zuciyata tana cewa ai dama ka sani, abinda kake tsoro kenan, wata zuciyar kuma tana tuna min mutumin da ya dawo min da takardar kuɗi da ya tsinta a ƙasan inji a satinsa na farko, wadda ba mitar da ta san da ita. Matata tace kar ka yi magana sai ka je ka buɗe injin da idonka, kalma idan ta fita bata komowa, kuma mutumin ya girme ka. Gobe ba aiki, jibi da asuba zan je.

17 ga Maris

Alhamdulillah da ban kira shi ba.

Na buɗe lamba 9, na ciro akwatin sulalla, na duba bakin na'urar kuɗin takarda, ba abinda ya maƙale. Sai idona ya kai kan bututun canji, duk a cike taf har baki. A nan na tuna. Ƙarshen Fabrairu ni da kaina na canza na'urar sulallan injin nan don tsohuwar tana mayar da kuɗi, na ɗaura wata, ina sauri ban zuba mata canji ba, haka na barta wayam. Ita kuma na'urar aikinta kenan, duk sulen da ya shigo sai ta fara cika bututunta da shi don ta samu na bada canji, sai sun cika sannan ragowar yake faɗawa akwati. Mita ta ƙirga ciniki daidai, kuɗin kuma yana nan cikin injin, a inda jaka bata kaiwa. Na zazzage bututun na ƙirga a kan murfin kwando, na haɗa giɓin wannan zuwan da na wancan, ya fito daidai banda 'yan sulalla uku.

Abinda yafi tsaya min a rai shine dana dawo na buɗe littafin wurin. Ranar farko da ya je shi kaɗai Baba ya rubuta da hannunsa cewa wutar da ke nuna babu canji tana kunne kuma injin yana ƙin karɓar kuɗin takarda. Ya rubuta, ni ne ban karanta ba, jaka kawai nake buɗewa.

Da yamma na same shi a sito yana wanke kwanduna na gaya masa komai, har da zargin da ya shiga raina, don ban ga dalilin ɓoyewa ba. Ya yi shiru ya ɗan jima, sannan yace "Maigida, duk wanda ya riƙe kuɗin wani ya san wata rana za a kalle shi, shi yasa na ce a rubuta. Amma ka riƙa karanta abinda na rubuta." Nace na ɗauka. Na bashi haƙuri ya karɓa.

Mun ƙara abu biyu a tsarin. Duk ranar da na taɓa na'urar kuɗi a inji zan rubuta a littafin wurin tare da adadin canjin da na zuba, gwajin saye ma a rubuta. Sannan a takardar jaka mun ƙara gurbi na matakin bututu, don lissafin gaskiya shine akwati da kuɗin takarda da abinda ya ƙaru ko ya ragu a bututu, ba jaka kaɗai ba. Shekara uku ina aikin nan ban taɓa buƙatar wannan gurbin ba saboda kuɗina ne a aljihuna, ko ya gaza bana tuhumar kowa.

6 ga Afrilu

Makullai. Injina da yawa kwaɗonsu mai zagayen baki ne irin wanda suke zuwa da shi, kuma na hannu na saye su, ban san hannu nawa makullinsu ya bi ba. Na canza na 15 ɗin Baba zuwa makulli ɗaya, nawa 8 wani daban, na ajiye kwafi ɗaya a kulle. Wannan ma kariya ce gare shi, idan wani abu ya ɓata a san ba wani tsohon makulli bane yake yawo.

Na fara koya masa ƙananan gyara: cire sulen da ya maƙale, goge hanyar kuɗin takarda da ƙyalle mai laushi, daidaita bakin sifirin, da share ƙurar ragar kwandensa, wadda idan ta toshe kwamfiresa yake wahala lemo yaƙi sanyi. Doka ɗaya na kafa mai ƙarfi, ba zai taɓa matsar da inji shi kaɗai ba ko manajan wuri ya roƙe shi. Babban injin lemo yana haura kilo 300, idan ya rinjayo ba hannun da zai tare shi, mutane sun mutu a haka. Ya kira ni kawai.

27 ga Afrilu

Inji 27 yanzu. Wurare biyun nan da na kasa amsawa a Janairu na koma, ɗaya sun riga sun ba wani, ɗayan sun karɓe ni da inji biyu, sai masana'antar da manajanta ya kira ni ta ƙara biyu a sabon ɓangarensu. Tun da Maris ya shigo ba wanda ya kira yace inji ya ƙare. Baba ya samu ƙarinsa na Maris, na Afrilu ma da alama zai samu.

Riba kam bata kai ta bara a irin wannan lokacin ba, albashi da inshora da ƙarin mai sun ci, kuma sababbin injinan basu gama zama ba, sai an yi wata biyu ko uku kafin ka gane abinda mutanen wuri suke so. A lissafina sai na kai wajen inji 32 kafin in koma inda nake da. Na sa ma uku daga cikin tsofaffin na'urar kati, saura huɗu, lamba 9 na cikin waɗanda aka fara sawa.

Matsalar da ta taso yanzu haɗa kayan dare ce, kwando 27 ya fara kai ni ƙarfe sha biyu, kuma sau biyu Baba ya tarar na sa kayan wani inji a kwandon wani. Shi ya kawo shawarar a nemi mai aikin awa uku da yamma, sito kawai, ba mota ba makulli. Na fara rubuta littafin sito tun kafin in fitar da sanarwa, ina shafi na huɗu, kuma ranar gwaji Baba ne zai tsaya da su.